Zauren Malam: Wa Yake Share Gidan Ɗan Hausa?

A watan jiya mun ɗauki alkawari za mu ba ku labarin tafiyar da muka yi zuwa Kano tare da 'yan aji shida na makarantarmu. Alkawari kaya ne. To, yau za mu sauke shi.

Mun tashi daga Daura da sassafe, malamai biyu da yara 18 cikin mota ɗaya. Wata biyu iyaye suka yi suna tara kuɗin motar nan, wani ya sayar da kaza, wata ta sayar da tiyar gyaɗa. Kowane yaro ya zo da ɗan ƙunshinsa, wannan dambu, wancan rogo da ƙuli-ƙuli. Muka bi ta Kazaure da Dambatta, da hantsi sai ga mu a Kano. Yawancin yaran ba su taɓa wuce Kazaure ba, saboda haka tun daga bakin gari wuyansu ya gaji da waige-waige. Abin da ya kai mu shi ne wani tsohon gidan ƙasa a unguwar Nasarawa, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Shekara da shekaru muna koya wa yara labarinsa a kan allo, alhali mu kanmu ba mu taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Gani ya kori ji.

Bari mu fara gaya muku ko wane ne Ɗan Hausa, gama kafin mu tafi mun tambayi waɗansu manya a nan, wani ya ce sarki ne, wani ya ce attajiri ne na kasuwar Kurmi. Ashe Bature ne, sunansa Hanns Vischer. An haife shi a 1876 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a gidan masu hali. Ya yi karatu a Ingila, ya fara zuwa ƙasarmu yana ɗan mishan na C.M.S., amma bai daɗe a wannan aiki ba. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Barno. A 1906 ya taso daga Tarabulus ya ratsa hamada ta Murzuk da Bilma har ƙasar Barno, tare da ayarin alhazai masu komowa gida da 'yantattun bayi. Ya iya Hausa ƙwarai, har aka laƙaba masa Ɗan Hausa, laƙabin kuwa ya rufe sunansa na ainihi.

Sa'ad da gwamnati ta so ta kafa ilmin boko a Arewa, shi aka ɗora wa aikin. Ya je Masar da Sudan ya ga yadda suke tafiyar da makarantunsu, ya komo ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas. Akwai ajin malamai, akwai na 'ya'yan sarakuna, akwai kuma sashen sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa. Ko da yake ya taɓa zama ɗan mishan, bai koyar da addinin Kirista a makarantar ba, gama gwamnati ta riga ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addininsu ba. A 1912 ya fitar da ƙa'idodin rubuta Hausa da boko. An yi musu gyara daga baya, aka kawo haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, amma duk mai karanta wannan shafi yau yana cin moriyar aikin mutumin nan. Ya bar Kano lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a 1945. Bayansa manyan ma'aikatan Turawa suka riƙa zama a gidan. Daga baya aka mai da shi gidan tarihi a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Abin da ya fara ba yara mamaki shi ne sanyi. Rana ta riga ta yi zafi a waje, amma muna shiga sai muka ji kamar an sa mu cikin randa. Wani yaro ya tsaya a bakin ƙofa yana auna kaurin bango da kamu. Muka ce su ɗaga kai, suka ga bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu a sama, ga azara an jera ta tsaf. Wanda ya zaga da mu mutum ne mai haƙuri, ya nuna musu tsofaffin hotuna da kayan aikin mutanen dā, yana amsa tambaya ɗaya sau uku ba tare da ya ɓata rai ba. Yaran da suke raina ɗakin ƙasa a gida, suna ɗokin ranar da babansu zai yi na siminti, yau ga su sun saki baki suna kallon ƙasa.

Muka tara su a inuwa, muka ce su rufe ido su ga gidan yadda yake a zamaninsa. Ga Bature da matarsa Isabelle, wadda ta zauna tare da shi a nan. Ga malamai da 'ya'yan sarakuna suna zuwa gaisuwa, ga dawakai a ƙofa. Abinci yana zuwa tebur a kan lokaci, tufafi a wanke a goge, fitila a kunne da magariba. Muna cikin jin daɗin bayaninmu, sai wata yarinya wadda ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, ina da tambaya."

Muka ce, "Yi tambayarki, 'yata."

Ta ce, "Wa yake share duk gidan nan? A ina yake kwana?"

Sauran yara suka fashe da dariya. Mu kuwa dariya ba ta zo mana ba. Mun san shekarar da aka haifi maigida, mun san garinsu, mun san sunan matarsa, mun san ranar da za mu sa wannan duka a jarrabawa. Amma a cikin shekarun da muka yi muna koyar da wannan darasi, ko sau ɗaya ba mu tuna da mai tsintsiya ba.

Jama'a, ku tsaya ku yi lissafi tare da mu. Ku da kuka taɓa gina ɗakin ƙasa kun san aikin. Sai an haƙo ƙasa, an kwaso ta da jakuna cikin mangala, an zuba ruwa an tattaka ta da ƙafa tare da ciyawa, an bar ta ta tsima. Sa'an nan a mulmula tubali ɗaya ɗaya da hannu, a shanya a rana. Magini yana bisa bango, yaro yana ƙasa yana jefa masa tubali da curin ƙasa tun safe har la'asar. Azara daga giginya ake tsaga ta, domin gara ba ta cinta, kuma sai an ɗauko ta daga nesa. In an gama rufi a shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Bango kuma a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Har wa yau gidan ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara kafin damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Gidan da ya haura shekara 100 a tsaye, hannu nawa ke nan?

Wannan gini ne kaɗai. Ruwan famfo da wutar lantarki ba su zo Kano ba sai wajen 1930. Watau a zamanin Ɗan Hausa duk ruwan da aka sha a gidan nan, da na wanka da na wanki, wani ne ya jawo shi daga rijiya ya ɗauko. Gidan babban Bature a lokacin ba ya tafiya sai da kuku, da boyi, da mai wanki, da mai kula da doki, da mai gadi. Ku tuna kuma da irin zamanin. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma bauta kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A shekarun da ake koyon a, ba, ca a Nasarawa, akwai mutane da yawa a ƙasar Kano da suke noma gonar da ba tasu ba, ba su da ikon kansu.

Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne kaɗai, ko halin ƙasarmu. Iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 sun san malamai 'yan ƙasar Filifin, waɗanda suka zo koyar da lissafi da kimiyya a makarantun Arewa. Ƙasarsu ta yi sama da shekara 300 a hannun Turawan Sifen, daga 1565 zuwa 1898. A babban birninsu Manila, cikin tsohuwar unguwa mai ganuwa da ake kira Intramuros, akwai gidan tarihi mai suna Casa Manila. An gina shi a farkon shekarun 1980, aka kwaikwayi wani gida na wajen 1850, domin a nuna yadda attajiran ƙasar suka yi zamansu. Mun karanta labarinsa, mun ga hotunansa. Ƙasan gidan na dutse ne, bene na katako, saboda ƙasarsu tana yawan girgiza. A tagogi, maimakon gilashi, an jera ɓawon wata irin kawa ta teku mai barin haske ya shiga. Daga ƙofa akwai wani faffaɗan wuri kamar zaurenmu, inda keken doki yake shiga. A bisa teburin cin abinci kuwa an rataye wani babban mafici na ƙyalle mai igiya. Maziyarci yakan tsaya ya yaba teburin da kwanuka. Amma maficin nan ba ya kaɗa kansa. Muddin masu gida suna cin abinci, akwai wani bara a tsaye a gefe yana jan igiya. Daga Nasarawa har Manila, gidan manya abu ɗaya yake nunawa: kujerar maigida tana nan, wanda ya goge ta ya tafi da sunansa.

Jefi-jefi akan sami wanda sunansa ya tsira. Mutanen Zariya ba su manta da Babban Gwani Muhammadu Durugu ba, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarim. Mu ma a Daura muna da abin alfahari. Bisa ga labarin da muka gada, sa'ad da Bayajida ya iso gari da dare, ba a fada ya sauka ba. Wata tsohuwa ce ta karɓe shi, ita ta gaya masa ba a samun ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiya. Kakanninmu da suka riƙe sunan Bayajida da na Daurama sun riƙe nata ma, Ayana. Ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, baƙo kawai ta saukar. Duk da haka ba su yarda a ba da labarin gari a bar ta a baya ba.

A hanyar komowa yara suka yi ta waƙa har barci ya kwashe su. Mu kuwa tambayar nan ta hana mu sakat. Me ya sa cikin yara 18 ita kaɗai ta tuna da mai shara? Washegari muka bincika. Ashe yarinyar riƙo ce, tana zaune wurin ƙanwar uwarta. Kafin ta zo makaranta sai ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka, ta cika randa biyu. Shi ya sa kusan kullum take makara. Kun san horon da muke ba wanda ya makara a makarantarmu? Sharar fili. Yarinyar da shara ta sa ta makara, mu kuma mu miƙa mata tsintsiya. Zango uku muna haka, ba mu taɓa tambayarta dalili ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna shirin zuwa mu yi wa Innarta faɗa, sai muka tuna da namu gida. Akwai 'yar wan uwargida, shekararta 11. Bara waccan ubanta ya kawo ta daga ƙauye, ya ce ta taya Gwaggonta aiki, a kuma sa ta makaranta. Na farkon an fara shi tun ranar da ta zo. Na biyun kullum sai zango mai zuwa. 'Ya'yanmu suna kwana a katifa, ita a tabarma cikin ɗakin ajiya, kusa da buhunan hatsi. Su suke fara cin abinci, ita sai ta gama rabawa. Ba mu taɓa dukanta ba, ba mu taɓa zaginta ba, saboda haka muka ɗauka muna riƙon kirki.

Da dare, bayan yara sun kwanta, muka ce, "Maman yara, yaushe za a sa yarinyar nan a makaranta?"

Ta dube mu ta ce, "Malam, ai kai ne malami. Sau nawa na yi maka maganar, kana cewa sai an yi albashi? Yayana in ya zo, kunya ba ta barina in dubi idonsa."

Muka rasa ta cewa. Inuwar giginya, na nesa ka sha. Muna koya wa 'ya'yan mutane karatu da rubutu, a gidanmu kuwa akwai yarinyar da ba ta iya rubuta sunanta ba, ita ce kuma take wanke rigar da muke sawa mu tsaya gaban allo.

Ba za mu ɓoye muku ba, gyaran bai zo da sauƙi ba. An sa ta aji biyu, ta fi kowa tsawo a ajin, yara suka yi ta tsokanarta har ta yi kuka ta ce ita ba za ta koma ba. Sai da Gwaggonta ta raka ta kwana uku. Aikin gida da take yi aka raba shi, 'ya'yanmu maza suka tura baki, wai shara aikin mata ne. Muka ɗauki tsintsiya da kanmu muka share ƙofar gida suna kallo, maƙwabta ma suna kallo. Kuɗin littattafai da rigar makaranta ya sa naman da akan saya ran Lahadi ya koma sau biyu a wata. Ta bar ɗakin ajiya, ta koma ɗaki ɗaya da 'yarmu. Ita kuwa 'yar ajinmu, mun je wurin Innarta da gaisuwa, ba mu je da faɗa ba, gama bakinmu ya riga ya mutu. Matar ba muguwa ba ce, ita ma aiki ne ya yi mata yawa. Aka shirya a riƙa ɗebo ruwa da yamma. A makaranta kuma mun daina ba da horon makara sai an tambayi yaro abin da ya tsare shi.

Riƙo al'ada ce mai kyau. Da yawa cikinmu ba a gidan ubanmu muka yi karatu ba, wani kawu ko wata gwaggo ce ta ɗauke mu. Mu kanmu haka aka yi mana. Abin da muke tsoro shi ne riƙo ya zama wani suna na bauta, shekara kusan 90 bayan an soke ta. Saboda haka muna roƙonku abu uku.

Na fari, in akwai ɗan wani a gidanku, ku zauna ku biyu, miji da mata, ku amsa tambayar yarinyar nan da gaskiya. A ina yake kwana? Me yake ci, kuma yaushe? Yana zuwa makaranta? Tun 2004 dokar ƙasa ta ce karatun shekara tara na farko tilas ne ga kowane yaro, ba ta ce sai wanda aka haifa a gidan ba. Ko da babu doka ma, uban yaron amana ya ba ku.

Na biyu, ku je wurin tsofaffin gida tun suna da rai. Ku tambaye su wa ya gina ɗakin kaka, wa ya haƙa rijiyar unguwa, wace ungozoma ce ta yanke cibiyar babanku, wa ya goye ku kuna jarirai. Ku sa yaro ɗan makaranta ya rubuta sunayen a littafi, a ajiye tare da takardun haihuwa. Mun yi haka a gidanmu, muka tarar wadda ta yi renonmu shekara huɗu tana nan da rai a wani ƙauye wajen Zango, ta makance. Shekara 30 ba mu je mun gaishe ta ba. Mun je. Da ta ji muryarmu sai ta kira mu da sunan da babu wanda ya kira mu da shi tun muna yara.

Na uku, ku kai yara su ga wuraren tarihi, gama tafiya mabuɗin ilmi ce. Ba sai an je nesa ba. Ga rijiyar Kusugu a nan cikin gari. Ga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, shi ma na ƙasa ne, an mai da shi gidan tarihi. Wanda ya sami hali ya kai Kano, ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa. In kun shiga, ku yaba ginin, ku ji labarin maigida, gama ya cancanta. Sa'an nan ku bar yara su yi tambaya, ku kuwa kada ku yi musu dariya.

A jarrabawar ƙarshen zango mun sa tambayar da muka saba: a wace shekara Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa? A ƙarƙashinta muka ƙara wata sabuwa: rubuta sunayen mutum uku da suka yi aiki yau da safe kafin ka iya zuwa makaranta. Yaro ɗaya ya rubuta Mama sau uku. Wani ya bar wurin fari, ya ce shi bai lura ba. Mun ba shi mako guda ya je ya lura ya komo.

Wanda yake da labarin riƙo, mai daɗi ko mai ɗaci, ya rubuto wa Edita, za mu tattauna shi a wannan zaure ba tare da ambaton suna ba. Allah ya ba mu idon ganin na kusa da mu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.